Gudauri ta hannun ofishin tikiti na Jidda: malamin ya ci kuɗinsa, sauran a sake lale

Da zarar Disamba ta kama, ofisoshin tikiti na Jidda sai su sauke hotunan bakin teku daga jikin gilashi, su liƙa farin tsauni da rubutu ɓaro-ɓaro: tayin hunturu, Jojiya, jirgi da otal da direba da ranar dusar ƙanƙara. Mutanenmu sun fara kai kuɗinsu wurin, musamman yaran da aka haifa a nan, kuma tun da muka dawo daga Gudauri, garin zamiya a kan dusa a tsaunukan Jojiya, ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba a majalisarmu ta bayan isha'i, kowa da tasa tambayar. Ga amsar a dunƙule, in huta.

Ƙunshin tafiyar da muka saya ba cuta ba ne. Amma an ɗinka shi ne daidai jikin wanda ke son ya taka fari, ya ɗauki hoto, ya juya gida. Wanda ke son ya koyi zamiya da gaske, ya ɗaura allunan nan biyu a ƙafa ya gangaro daga tsauni da kansa, zai tarar rabin abin da ya biya ba shi da amfani gare shi, abin da ya fi buƙata kuma ba ya ciki sai ya sake sa hannu a aljihu.

Sana'ata gyaran sanyi ce. Ɗakunan ajiyar kifi da nama nake bi, daga Bangala har sito-siton Khumra, kullum ina shiga inda ma'auni ke nuna 18 ƙasa da sifili. Sanyi ba baƙona ba ne, kuma wannan ya taimaka min wajen gane abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafata a can. Mu huɗu muka tafi: ni, uwargida, 'yarmu da ke aji na ƙarshe a firamare, da ƙanin uwargida, saurayi mai jini a jika wanda shi ya kawo maganar tun farko.

Ta fuskar takardu, ofishin ya yi aikinsa. Ba zan kama suna ba, irinsu sun fi a ƙirga tsakanin Sharafiyya da titin Falasɗin. Yaron da ke teburin ya duba iƙamarmu, wato katin zama a Saudiyya, ɗaya bayan ɗaya, ya ce in fara fitar da bizar fita da dawowa kafin ya yanka tikiti. Ya kuma faɗa min abin da ya kamata 'yan'uwa su sani: Jojiya ta tsaurara sharuɗɗan shiga a 2025 ga masu fasfon wasu ƙasashe, har da Najeriya da Sudan, waɗanda a da iƙamar nan kaɗai ke shigar da su, yanzu ana duban wa'adin da ya rage wa iƙamar. Ni fasfona na Nijar ne, nawa lissafin daban. Kada wani ya dogara da labarin maƙwabcinsa, kowa ya kai fasfonsa a duba masa.

Inda ya gaza shi ne a kan hajar da yake sayarwa. Na ce masa, "Ɗana, dusar ta kai nawa yanzu a saman tsaunin? Layukan gangarowa nawa aka buɗe?" Ya ce, "Ya ammi, akwai talji, wallahi fari fat ko'ina." Ya juyo min da wayarsa, ashe hoton da ke jikin gilashin ne. Mai sayar da tafiyar zamiya wanda bai san ko an buɗe tsaunin ba, wannan ai sayar da kifi a ruwa ne. Inshorar da suka haɗa mana ma ta tafiya ce kawai. Da na zauna a gida na karanta ƙananan rubutun, wasannin tsauni ba sa ciki, sai da na koma na ƙara kuɗi aka sa su. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Jirgi bai cika awa huɗu ba zuwa Tibilisi, babban birnin Jojiya, agogonsu kuma yana gaban namu da awa ɗaya. Daga Tibilisi zuwa Gudauri kimanin kilomita 120 ne a kan tsohuwar hanyar soja da ta ratsa tsaunukan Ƙauƙaz ta shiga Rasha, awa biyu in hanya ta yi kyau. Direban da ofishin ya haɗa mu da shi na yaba masa. Dattijo ne, motarsa Mitsubishi Delica mai sitiyari a dama, irin waɗanda ake shigowa da su daga Japan, da tayoyin hunturu na gaske, na durƙusa na duba. Ana wuce madatsar ruwa ta Zhinvali da ganuwar Ananuri, a bi gefen kogin Aragvi har Pasanauri, daga Mleta kuma hanya ta fara naɗewa tana hawa, kwana bayan kwana, ga tireloli masu zuwa iyakar Rasha sun yi layi a gefe. Wanda ya saba hawan Hada zuwa Ɗa'if zai gane hanyar, sai dai a nan kwalta na iya zama gilashi bayan faɗuwar rana. Dattijon bai taɓa wuce mota a kwana ba. Matasanmu masu cewa za su yi hayar mota su tuƙa da kansu, ku bari don Allah. Tuƙin Jidda ba ya aiki a nan.

Garin Gudauri yana kan kusan mita 2,200, wato tsayinsa kusan ɗaya da Abha. Na daɗe ina juya wannan a raina: Abha ba ta yin dusa, nan kuwa tana binne mota. Tsayi kaɗai ba ya kawo ta. Abha tana kan digiri 18 daga tsakiyar duniya, Gudauri tana kan 42, rana tana zuwa musu a kwance, ga danshin Baƙin Teku da iska ke turowa. Mutumin da ya karya kumallo a Jidda daidai da teku ya kwana a wannan tsayi, kansa zai ɗan sara, numfashi zai yi gajere a kan bene. Ranar farko a sha ruwa da yawa, a yi tafiya a hankali.

Otal ɗin, takardar ofishin ta ce "kusa da talfirik", wato kujerun da ke rataye a igiya suna hawa da mutane saman tsauni. Gudauri ba gari ne dunƙulalle ba, gidaje ne da otal-otal warwatse a jikin hanya mai hawa, tsakanin na ƙasa da na sama akwai tazara sosai. Namu yana ƙasa, kuma kusan da suke nufi kusa ne ga mai mota. Ga mai sanye da takalmin zamiya, wanda ba ya lanƙwasa a idon sawu, ɗauke da alluna biyu da sanduna a kafaɗa da yarinya a gefe, tafiya ce ta azaba. Kowace safiya sai mun biya tasi. Da na haɗa kuɗin tasin, ya kai bambancin da ke tsakanin ɗakinmu da ɗaki a unguwar da suke kira Sabuwar Gudauri, inda ake fitowa daga ƙofa a taka dusa. Ku sa ofishi ya nuna muku otal ɗin a taswira, ya nuna muku tashar talfirik, ku auna da idonku.

Ɗakin kansa tsaf yake, ruwan zafi bai yanke ba, bututun ɗumama ɗaki yana aiki. Abu na farko da na duba ke nan, kuma ba don tsegumin sana'a kaɗai ba. A Disamba 2024 mutum 12 suka rasu a wannan gari, 11 daga cikinsu 'yan Indiya ma'aikatan wani gidan abinci, saboda hayaƙin janareto da aka kunna a cikin gini bayan an ɗauke wuta. Iskar gawayi ba ta da wari, barci take sa mutum. Mu da muka taso da kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu, wannan gargaɗi namu ne: komai sanyi, kada a kunna gawayi ko janareto a rufaffen wuri.

Shagon hayar kaya da ofishin ya tura mu, sauri suke yi kamar ana korarsu. Suka miƙo min takalmi ya fi ƙafata, na ji daɗinsa, na ɗauka an gama. Malamin da zan yi maganarsa yanzu, kallo ɗaya ya yi masa ya ce a koma a canza. Takalmin zamiya dole ya kama ƙafa tsam, yatsu su ɗan taɓa gaba in ka miƙe, su ja baya in ka durƙusa, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Safa ɗaya doguwa ta isa, biyu suna tare jini, ƙafar ta fi yin sanyi. Akwai kuma ƙarfen da ke riƙe takalmi a jikin allo, wanda aka yi shi don ya saki ƙafa in ka faɗi. Ana saita shi ne da nauyinka da tsayinka da iyawarka. Shagon da bai tambaye ka nauyinka ba, bai saita ba. Ku faɗi gaskiyar nauyin, ba wurin kunya ba ne, gwiwa ce a kan layi. Hular kwano da gilashin ido ba sa cikin ƙunshin, daban muka biya, kuma ban ga dalilin da zai sa a bar su a waje ba.

Batun sutura: farwa, babbar rigar sanyin Larabawa, da jaket ɗin fata da muke ji da su a sanyin Madina, a bar su a otal. Ana son riga mai kama jiki wadda ba auduga ba, sai mai ɗumi a kanta, sai ta waje mai hana ruwa da iska. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ka tsaya minti biyar ta koma sanyi a jikinka. Uwargida ta damu da batun abaya kafin mu tafi. A ƙarshe wando mai faɗi da doguwar jaket har gwiwa da hijabi mai shiga cikin hular kwano suka rufe ta ruf, ta ce ko a Jidda ba ta taɓa rufuwa haka ba. Abin da malamai ba sa yarda da shi shi ne gyale mai reto, don yana iya maƙalewa a kujerar talfirik.

To, "ranar dusar ƙanƙara" da ke cikin takarda. Ga yadda take: an tara mu da wasu iyalai na Riyad da Kuwait, wani saurayi ya nuna mana yadda ake tsayawa na ɗan lokaci, aka ɗauki hotuna da sanduna a sama, aka ce kowa ya ji daɗinsa, mota za ta dawo da la'asar. Kafin azahar rabin mutanen sun cire allunan sun koma shan shayi, wata baiwar Allah tana kuka a zaune a kan dusa. Da a nan muka tsaya, da na dawo na ce muku zamiya wahalar banza ce.

Washegari na je makarantar koyarwa da ke gindin tsaunin na ɗauki malami da kuɗina, awa biyu kowace safiya, ni da yarinya. Mutum ne mai furfura, fuska duk ta ƙone da rana in ban da zagayen gilashi, Larabcinsa bai wuce "shwayya shwayya" da "yamin" da "yasar" ba. Bai bar mu mun hau komai ba da farko. Allo ɗaya ya ɗaura mana a ƙafa ɗaya, muka yi ta zagaye a fili kamar marasa aikin yi. Sai ya koya mana faɗuwa: a gefe, a kan cinya, ba a baya ba, ba a kan tafin hannu ba. Sai tashi: ka jera allunan a gicciye da gangaren, ƙasa da jikinka, ka tura da hannu. Ina mutum mai iyali ina birgima a ƙasa gaban 'yata, amma wannan darasi shi ya fi kowanne amfani.

Sannan ya zana wani abu a kan dusa da sandarsa, ya nuna allunanmu. Yarinyar ce ta fara ganewa, ta ce, "Baba, takwas ce ta Larabci!" Haka ne kuwa: kawunan allunan su matso kusa a gaba, gindinsu ya buɗe a baya. In ka faɗaɗa takwas ɗin, gudu ya ragu. In ka matse ta, ya ƙaru. Juyawa kuma ta saɓa wa hankali: in kana son ka yi dama, ƙafar hagu za ka danna wa nauyi. Babbar matsalata ita ce tsoro yana sa ni in jingina baya, da na jingina kuma sai allunan su tsere daga ƙarƙashina. Malamin ya zo ya sa hannu tsakanin ƙaurina da harshen takalmin, ya ce in matse masa hannu. Na matse. Ya ɗaga babban yatsa, ya ce haka, kullum haka. Daga ranar, duk lokacin da na ji gudu ya fara fin ƙarfina, ƙaurina nake tunawa, in danna shi gaba. Yarinyar kuwa tuni ta wuce ni, tana juyowa tana ihu, "Baba, daina kallon ƙafarka, kalli inda za ka!"

Bai hau da mu kujerar talfirik ba sai da ya ga muna iya tsayawa inda ya nuna, ba inda Allah ya tsayar da mu ba. Kafin nan bel mai tafiya muke hawa a filin 'yan koyo. Kuɗin darussan gaba ɗaya bai kai abin da ofishin ya caje mu na yawon buɗe ido guda biyu ba. Uwargida da ta ce ita kallo kawai za ta yi, da ta ga akwai malamai mata, ta ɗauki ɗaya, kuma ta fi ni natsuwa a kan allo, abin da har yau ba a daina tuna min ba a gida.

Yanzu ga abin da yaron ofis ya kasa gaya min, wato halin dusar kanta. "Akwai fari" ba labari ba ne. Dusa iri-iri ce, kuma wuri ɗaya yana canzawa sau uku a yini. Da dare manyan motoci masu sarƙa suna bin layukan suna daddanna ta, su bar ta layi-layi. Wajen ƙarfe goma da ake buɗe talfirik, wannan ita ce dusar ɗan koyo: allo yana kama ta, tana yin wata ƙara mai daɗi a ƙarƙashin ƙafa. Gangaren Gudauri kudu yake fuskanta, rana tana dukansa yini guda. In ranar ta yi ɗumi, bayan azahar saman dusar ya jiƙe ya yi nauyi, ƙafafun mutane sun tattara ta tsibi-tsibi, cinya ta fara wuta. Da inuwa ta sauko kuma ruwan nan ya sake daskarewa. Wannan na san shi daga aiki: abin da ya narke ya sake kamawa ba ya komawa yadda yake, ƙanƙara yake zama mai tauri da santsi. Kashegari da safe, in ba a yi sabuwar dusa ba kuma motocin ba su farfasa ta da kyau ba, za ka ji allo yana karta yana zamewa gefe. Saboda haka lambar da ta fi muhimmanci a hasashen yanayi ba ta sanyin dare ba ce, ta zafin rana ce: in ta haura sifili da yawa, ka fita da wuri ka dawo da wuri.

Abu na biyu, babu itace. Gudauri tana sama da inda daji ke tsayawa, fili ne fetal. Ranar da gari ya waye garau, babu abin da ya kai shi kyau, kana ganin tsaunuka jere har ƙarshen ido. Ranar da hazo ya sauko kuwa, sama fari, ƙasa fari, babu inuwa, babu abin da ido zai kama. Na tsaya cak ina jin kamar ina tafiya, har zuciyata ta tashi. Malamin ya ce in bi sandunan da aka kafa a gefen layi ɗaya bayan ɗaya, kada in kalli komai sai su. Iska kuma ita ke rufe layukan sama. Mafi tsayinsu, Sadzele, ya haura mita 3,200, kuma kowane mita 1,000 da ka hau ana rasa kusan digiri 6 da rabi, ban da abin da iska ke ƙarawa. Kana iya sayen katin hawa talfirik na yini ka tarar rabin tsaunin a rufe. Hukumar da ke kula da tsaunukan ƙasar tana sanar da layukan da ke buɗe, akwai kuma kyamarori da ke nuna wurin kai tsaye a intanet. Dubawar minti biyu ce kafin a sayi kati, kuma ɗan koyo ma ba ya buƙatar katin tsauni duka a kwanakin farko.

Rana ma tana ƙuna, ko da baƙar fata. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata da ido. Leɓena ya tsage, hancin yarinya ya saɓule. Man kariya da gilashi ba ado ba ne.

Layukan suna da launi: kore na 'yan koyo, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. Ƙanin uwargida ya ɗauki allo ɗaya mai faɗi, irin wanda ake tsayawa a kai a karkace, ya ce shi bidiyo ya koya masa. Na ce ya zo mu raba malami, ya ce, "Yaya, ku dai tsofaffi ku yi ta takwas ɗinku." Ya hau ja da yamma, daidai lokacin da ta fara daskarewa, ya faɗi a kan tafin hannu. Masu ceto suka sauko da shi a kwance cikin wani kwale-kwalen dusa, aka ɗauki hoton hannun, tsagewar ƙashi ce a wuyan hannu. Ƙarin inshorar nan da na koma na biya, ita ta ɗauki kuɗin. Ya ƙarasa hutun da filasta yana riƙe mana jaka. Wajen layukan da aka shata kuwa, inda za ku ga gwanaye suna yanka sabuwar dusa, ba wurinmu ba ne sam. Zaftarewar dusa tana kashe mutane a tsaunukan nan, masu shiga can da jagora da na'urar nema suke shiga.

Yawon buɗe idon da ke cikin ƙunshin shi ya fi ɓata min rai. An sa mana yini guda zuwa Kazbegi, a ga cocin Gergeti na ƙarni na 14 da tsaunin Kazbek mai sama da mita 5,000. Hanyar tana bi ta mashigar Jvari, mita 2,379, wadda ake rufewa a kai a kai da hunturu saboda zaftarewar dusa. Ranarmu a rufe take. Wannan ba laifin kowa ba ne. Laifin shi ne an san haka na faruwa, ba a rubuta abin da za a yi in ya faru ba. Aka kai mu dandalin nan mai zanen bango da aka gina a 1983 don cikar shekara 200 da yarjejeniyar Jojiya da Rasha, wanda ke nan bakin gari, aka sake mu a hannun masu babur ɗin dusa da masu lemar tashi sama, kowa yana jan hannunka da farashin da ya ga dama. Safiya mafi kyawun dusa a duk zamanmu, sabuwa ta kwana tana zuba, a nan muka kashe ta. Da na koma ofis a Jidda na nemi a mayar min da kuɗin yinin, yaron ya ce zai tambayi mudir, wato manajansu. Har yanzu yana tambaya.

Abinci sai an yi tambaya. Khinkali, ƙullin fulawa mai nama da romo a ciki wanda Pasanauri ta yi suna da shi, sau da yawa ana haɗa naman sa da na alade. Mun tsaya a kan na cuku da na dankali da na naman kaza. Khachapuri, burodi mai cuku, da lobio, wake a tukunyar ƙasa, sun riƙe mu sosai. Akwai gidajen abinci masu alamar halal saboda yawan baƙi daga ƙasashen Larabawa, tsadarsu ta fi daɗinsu. Ƙasar masu inabi ce, za a miƙo maka kofin giya don karamci, ka dafa ƙirji ka ce a'a, ba wanda zai ji haushi. Uwargida ta zo da yaji da kilishi da garin kunu, su suka cece mu da asuba. Salla a ɗaki muka riƙa yi, muna kasaru. Alƙibla kudu take, ta ɗan karkata yamma, wanda ya saba fuskantar gabas a Jidda ya duba wayarsa. Juma'a sai Tibilisi, a tsohon masallacin jan bulo da ke sama da unguwar wankan ruwan zafi, inda 'yan Sunna da 'yan Shi'a ke salla wuri ɗaya.

Lokacin zuwa: ana buɗewa daga Disamba zuwa Afrilu, amma farkon Disamba caca ce, wata shekarar dusar ba ta gama rufe duwatsu ba. Daga sabuwar shekara zuwa Kirsimetinsu na 7 ga Janairu cunkoso ne da tsada. Bayan nan har farkon Maris shi ne zuciyar lokacin. Sai dai azumi yana ta matsowa cikinsa. A 2026 ya kama 18 ga Fabrairu a nan, kowace shekara kuma yana ja baya da kwana 10 zuwa 11. Zamiya da ƙishirwar tsauni ba abin haɗawa da azumi ba ne. A 'yan shekarun nan, rabin Janairu na biyu shi ne namu.

Wani dattijo a majalisa ya ce min me ya kai ni wata ƙasa alhali ana gina namu wurin zamiyar a Tabuka. Trojena yake nufi, a cikin aikin Neom, wadda aka sanar a Maris 2022, a tsaunuka masu tsayin mita 1,500 zuwa 2,600, kimanin kilomita 50 daga gaɓar Aƙaba. A Oktoba na shekarar aka ba ta gasar hunturu ta Asiya ta 2029, amma a farkon 2026 aka ɗage, aka miƙa gasar ga Almati ta Kazakistan. Ni ban yi mamaki ba. Jabal Lauz yana samun dusa, muna ganin bidiyon raƙuma a cikinta kusan kowane hunturu, amma ta kwana ɗaya ce ko biyu, ba ta yin kaurin da allo zai bi. Sauran sai inji ya yi, inji kuma ruwa yake fesawa cikin iska, ba ya aiki sai iskar ta sauka wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Bushewar iskar hamada tana taimakawa, amma ruwan fa daga teku za a tace shi a tura shi sama da kilomita biyu a tsaye. Mai gyaran sanyi ya san abin da wannan ke ci. Ko Fayik Abdi, ɗan Saudiyya na farko da ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Bejin a 2022, a tsaunukan Lebanon ya koya yana yaro.

Wanda ke son ya gwada ƙafarsa kafin ya kashe kuɗin jirgi, Snow City ta Riyad wurin wasan yara ce da jifa da dusa. Ski Dubai, da aka buɗe a 2005, ita ce mai gangare na gaske, kimanin mita 400, da malamai. Darasi biyu a can zai rage maka kwana guda na birgima a Jojiya. Mai ƙananan yara kuma ya tambayi Bakuriani maimakon Gudauri. Tana kan kusan mita 1,700 kusa da Borjomi, cikin dajin itatuwa masu tare iska da ba ido abin kamawa ranar hazo, kuma ta karɓi gasar duniya ta zamiya a 2023, ba ƙaramin wuri ba ne. Ofisoshin nan suna da ita a kwamfuta. Ka ce a ba ka jirgi da otal a bakin layi da direban kai da ɗauko kawai, a cire yawon, a sa inshorar tsauni, kuɗin malami kuma ka riƙe shi a aljihunka ka biya a can.